Darasi a Kan Ciwon Huhu Mai Daɗewa: Labarin Wata Mawaƙiya

Jama'a, cikin ni'imomin da Allah ya yi wa ɗan Adam babu wadda yake mancewa da ita kamar numfashi. Baligi mai lafiya yana shaƙar iska ya fitar sau 12 zuwa 20 a kowane minti, ko yana barci ko yana farke, ba tare da ya kula ba. Sai ran da numfashin ya soma yi masa wuya sa'an nan yake sanin darajarsa. A cikin wannan darasi za mu bayyana yadda huhu ke aiki, mu ba da labarin wata mawaƙiya ta ƙasar Amurka wadda ta yi shekara 15 tana fama da ciwon huhu da abin da ya biyo bayansa, sa'an nan mu duba abin da ya shafe mu a nan Nijeriya.

Aikin Huhu

Kowane mutum yana da huhu biyu a ƙirjinsa, na dama da na hagu. In ya shaƙi iska, sai ta bi ta maƙogwaro ta rarrabu cikin ƙananan hanyoyi kamar rassan itace, har ta kai ga waɗansu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna waɗanda yawansu ya kai miliyan 300 ko fiye. Kewaye da jakunkunan nan akwai jijiyoyin jini waɗanda suka fi gashi siranta. A nan ne jini ke ɗaukar iskar oksijin, watau sashen iska mai rayar da jiki, ya kuma sauke gurɓatacciyar iska a fitar da ita waje. Ɓangaren dama na zuciya shi ke tura jini zuwa huhu, ɓangaren hagu kuwa ya karɓo shi ya rarraba wa sauran jiki.

Saboda haka ciwon huhu mai daɗewa yakan zauna a ɗayan wurare uku. Na farko, hanyoyin iska, kamar ciwon asma da ciwon toshewar hanyoyin iska wanda hayaƙi ke kawowa. Na biyu, naman huhun kansa, kamar tabon da tarin fuka ko ƙurar ma'adinai ke bari. Na uku, jijiyoyin jinin da ke cikin huhu, shi ne ake kira hawan jinin huhu. Wannan na ukun shi ya kama mawaƙiyar da za mu ba da labarinta.

Labarin Charity Tillemann-Dick

An haifi Charity a birnin Denver na Amurka a shekarar 1983, ɗaya ce cikin 'ya'ya 11 na iyayenta. Kakanta na wajen uwa, Tom Lantos, ɗan Majalisar Dokokin Amurka ne, asalinsa mutumin ƙasar Hangari. Ta yi karatun waƙa a makarantar Liszt da ke Budapest, babban birnin Hangari. Irin waƙarta ita ce opera, watau wasan kwaikwayo na Turai wanda ake yin zancensa duka da waƙa. Mai irin wannan sana'a dole ya iya riƙe numfashi mai tsawo, ya ɗaga murya ta cika babban zaure.

A shekarar 2004, tana budurwa mai shekara 20 da 'yan kai, likitoci suka gano tana da hawan jinin huhu irin wanda ba a san sanadinsa ba. Wata ƙwararriyar likita ta ba ta shawara ta bar waƙa. Charity ba ta yarda ba, amma kuma ba ta juya wa asibiti baya ba. Sai ta nemi waɗansu likitocin, ta ci gaba da waƙa tana ƙarƙashin kulawarsu. Da ciwon ya yi tsanani aka ɗaura mata wata 'yar na'ura mai tura magani cikin jijiya ta wani siririn bututu da aka dasa a ƙirjinta, dare da rana ba tsayawa. Da wannan na'ura a ɓoye cikin tufafinta take hawa dandali.

A watan Satumba na 2009 aka yi mata dashen huhu biyu a wani babban asibiti na birnin Cleveland. Ta yi fiye da wata guda ba ta cikin hayyacinta. Da ta farfaɗo sai da ta sake koyon numfashi da magana da tafiya, kafin ta zo kan waƙa. Bayan ɗan lokaci jikinta ya ƙi sabon huhun, aka sake yi mata wani dashen a watan Janairu na 2012. A shekarar 2014 ta fitar da faifan waƙoƙinta, a 2017 kuma ta wallafa littafin tarihin rayuwarta. A wannan shekara ce ta rera waƙa tare da 'yar matar da aka dasa mata huhunta.

Magungunan da ke hana jiki ƙin sabon huhu suna raunana garkuwar jiki, sukan kuma buɗe ƙofa ga waɗansu cututtuka. Ciwon daji ya kama Charity, ta rasu ranar 23 ga Afrilu, 2019, tana da shekara 35.

Abin da ya sa muka zaɓi labarinta shi ne aikin da ta yi wa 'yan'uwanta majiyyata. Ta zama mai magana da yawun ƙungiyar masu hawan jinin huhu ta Amurka. Ta tsaya gaban wani kwamiti na majalisar ƙasarsu ta bayyana halin da masu ciwon ke ciki. Ta yi ta jawabi a tarurrukan likitoci da na jama'a, tana kira a ƙara bincike, a kuma riƙa ba da kyautar sassan jiki don ceton rai. Babban abin da take nanata wa likitoci shi ne su saurari majiyyaci, su san abin da yake so ya yi da rayuwarsa. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mene ne Hawan Jinin Huhu?

Wannan ciwo dabam yake da hawan jinin da aka saba aunawa a damtse. Mutum yana iya zuwa a ɗaura masa ma'auni a ce jininsa daidai yake, alhali kuwa yana ɗauke da shi. Abin da ke faruwa shi ne jijiyoyin huhu su yi kauri su tsuke, sai ɓangaren dama na zuciya ya dinga wahala wajen tura jini ta cikinsu, kamar mai tura ruwa ta bututun da ya cushe. A kwana a tashi zuciyar ta kumbura ta gaji.

Alamunsa su ne haki bayan ɗan ƙaramin aiki, yawan gajiya, jiri ko suma, ciwon ƙirji, kumburin ƙafafu da ciki, da canjin launin leɓe. Da yake alamun nan sun yi kama da na asma ko ƙarancin jini, sau da yawa akan daɗe ba a gane shi ba. Ana gano shi ta hoton zuciya na na'ura mai amfani da sauti, a tabbatar ta hanyar zura siririn bututu cikin jijiya zuwa zuciya. Akwai magunguna masu buɗe jijiyoyin huhu, amma likita ne kaɗai ya san wanda ya dace da kowane iri. Mace mai wannan ciwo lalle ta nemi shawarar likita kafin ta ɗauki ciki, gama juna biyu yana da haɗari ƙwarai gare ta.

Ina Ruwanmu da Wannan?

Kada wani ya ce ai ciwon Turawa ne. Irin na Charity, wanda ba a san sanadinsa ba, ba shi da yawa a duniya. Amma akwai cututtukan da ke jawo hawan jinin huhu waɗanda suke tare da mu a gida:

1. Ciwon sikila, watau amosanin jini. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu shi, an ƙiyasta ana haihuwar jarirai kamar 150,000 da shi kowace shekara.
2. Tsargiya, wadda ake ɗauka wajen wanka ko aiki cikin kududdufi da fadama. Ƙwayayen tsutsarta, musamman irin mai kama hanji da hanta, suna iya kaiwa ga jijiyoyin huhu.
3. Ciwon ƙanjamau.
4. Ciwon zuciya, har da wanda ke biyo bayan ciwon maƙogwaron yara in ba a yi masa magani ba.
5. Ciwon toshewar hanyoyin iska da tabon tarin fuka.

Game da toshewar hanyoyin iska, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ya kashe mutum miliyan uku da rabi a shekarar 2021. Taba ce babban sanadinsa, amma a ƙasashe irin namu hayaƙin itace da gawayi da kara a cikin madafi marar taga yana cutar da mata da yaran da suke goye da su, ko da ba su taɓa shan taba ba.

Abin da Ya Kamata Ku Yi

1. Duk wanda ya yi mako biyu yana tari, ya tafi asibiti a auna majinarsa. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta keɓe. Galibi wata shida ake yi ana sha, kuma wajibi ne a shanye shi duka ko da an ji sauƙi.
2. Ku bar shan taba da shisha. Dokar taba ta ƙasa ta shekarar 2015 ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba.
3. A yi girki a fili ko a madafi mai taga. A yi amfani da busasshen itace, ko murhu mai rage hayaƙi, ko gas ga mai hali. Kada a kwana da garwashi ko janareta a rufaffen ɗaki.
4. Masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai da masu aikin siminti da injin niƙa su rufe hanci da baki da takunkumi mai kyau, su jiƙa wurin aiki don ƙura ta kwanta.
5. Lokacin hunturu masu ciwon huhu su rage fita cikin hazo, su riƙa tafiya da maganinsu.
6. Masu shirin aure su auna jininsu don sanin ko suna ɗauke da sikila. Mai sikila kuwa in ya ga haki ya ƙaru, ya faɗa wa likita a duba zuciyarsa.
7. A kai yara rigakafi a kan kari. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ko bayan gidansa ya nemi magani da wuri.

Haƙƙin Majiyyaci a Kanmu

Asma, da toshewar hanyoyin iska, da hawan jinin huhu, ba a ɗaukarsu daga mutum zuwa mutum. Saboda haka babu dalilin ƙyamar mai su, ko raba masa kwano. Ba sammu ba ne, ba kuma lalaci ba ne in ya kasa ɗaukar kaya ko ya tsaya hutawa a hanya. Maigida ya rage wa matarsa aikin hayaƙi, shugaba a wurin aiki ya sauya wa ma'aikacinsa aikin da bai fi ƙarfinsa ba. Game da dashen sassan jiki kuwa, a sani dokar lafiya ta ƙasa ta shekarar 2014 ta haramta saye da sayar da su.

Ku majiyyata, kada ku ɓuya a ɗaka. Ku tambayi likita sunan ciwonku da amfanin kowane magani. Ku haɗa kai da masu irin larurarku, ku kai kukanku ga sarakuna da kansiloli da wakilanku na majalisa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku kuma mawaƙa da makaɗa da masu busa, waɗanda abincinku ke rataye da numfashi, jama'a suna sauraronku fiye da yadda suke karanta takarda. Ku taimaka ku isar da wannan saƙo a kasuwa da gidan biki da gidajen rediyo.

Tambayoyi

1. Waɗanne wurare uku ne ciwon huhu mai daɗewa ke kamawa?
2. Me ya sa ma'aunin damtse ba ya nuna hawan jinin huhu?
3. Kawo cututtuka uku na ƙasarmu masu jawo shi.
4. Wane aiki Charity ta yi wa sauran majiyyata?
5. Me za ka gyara a gidanka don rage hayaƙi?

In ka karanta wannan takarda, ka karanta wa iyalinka da maƙwabtanka waɗanda ba su iya karatu ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.