Rabon ƙaramin yaro a ranar salla

A mafi yawan gidajen Maraɗi, Damagaram da Tawa, babu ranar da abinci mai gina jiki yake taruwa kamar ranar babbar salla. Wanda ya yanka ya samu, wanda bai yanka ba maƙwabta sun aiko masa. Duk da haka, yaro ɗan wata takwas ko ɗan shekara ɗaya yana iya wuni cikin wannan yalwa bai ci abin kirki ba. Uwa tana bakin murhu tun da hantsi, yayarsa ce ke goye da shi tana zaga gidaje barka da salla, duk wanda ya gan shi sai ya danƙa masa alewa ko ƙashi ya tsotsa. Kafin a natsu a tuna da kwanonsa, ya yi kuka ya gaji ya yi barci. Wannan darasi domin iyaye mata ne da masu faɗakarwa na gari, a kan yadda za a fitar wa ƙananan yara rabonsu, a kuma tsare su daga abin da ke biyo bayan shagali.

Salla tana matsowa da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara. A 2025 babbar salla ta faɗo a farkon watan Yuni, kuma a ƴan shekarun nan tana zuwa ne tsakanin tsananin zafin bazara da faɗuwar damina. Wannan shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, yara masu tamowa suka fara yawa a gidajen likita. Ke nan naman layya yana shigowa daidai lokacin da jikin yaro ya fi bukatarsa. Idan an yi dabara, abin da aka saba cinyewa cikin kwana uku zai iya tallafa wa kunun yaro har makonni.

Jariri da bai kai wata shida ba

Shi wannan sallarsa nonon uwa ce kawai. Ba ruwa, ba romo, ba zoɓo, ba zuma a baki. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, saboda haka ko da zafi ya wuce digiri 40 nono yana kashe masa ƙishirwa, muddin ana ba shi duk lokacin da ya nema, dare da rana. Haɗarin ranar salla shi ne yawan hannu. Gwaggo ta ɗauke shi, inna ta karɓa, kaka ta tsoma yatsa cikin miya ta ce bari shi ma ya ɗanɗana salla. Niyyarta alheri ce, amma cikin jariri bai shirya ba, kuma yatsan da ya gaisa da mutum hamsin yana ɗauke da abin da ido ba ya gani. Uwa matashiya tana jin nauyin hana uwar mijinta a gaban baƙi, wannan kowa ya sani. Shi ya sa ya kamata mai faɗakarwa ta zauna da kakanni tun kafin ranar, ta roƙe su su zama su ne masu tsaron bakin jariri. Idan kaka ce ta ce a'a, babu mai musu.

Mai shayarwa kuma a rage mata aiki. Ta zauna ta ba da nono har yaro ya saki da kansa, ta sha ruwa, ta ci nama ita ma tun yana da zafi, kada ta jira sauran da maza suka rage.

Daga wata shida zuwa shekara biyu

A nan ne maganar ta fi nauyi. Jariri yana zuwa duniya da ajiyar sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke yin jini da shi, amma ajiyar tana ƙarewa wajen wata shida, kuma nono kaɗai ba ya cike giɓin bayan nan. Kunun hatsi tsararo, wanda aka tsinka da ruwa, yana cika ciki ba tare da ya ba da abin da ake nema ba. Yaron da jininsa ya yi ƙasa za a ga tafin hannunsa da cikin fatar idonsa sun yi fari, ba shi da kuzari, kuma zazzaɓin cizon sauro na damina yana saurin kayar da shi. Ƙarfen da ke cikin nama jiki ya fi saurin ɗaukarsa a kan wanda ke cikin hatsi da ganye, har ma ɗan nama kaɗan cikin abinci yana taimaka wa jiki ya amfana da na wake da zogale.

A jikin rago duka, hanta ce ta fi dacewa da ƙaramin yaro. Tana da ƙarfe, tana da bitamin A mai kare ido da ƙarfafa jiki a kan cuta, ga ta da laushi. Abin takaici, ita ce ake fara gasawa a miƙa wa mai gida da baƙinsa. Ba a ce a hana manya ba. A yanki kamar girman babban yatsa tun kafin a zuba yaji, a dafa shi sosai har babu sauran ja a ciki, a murƙushe da cokali, a gauraya da kunu mai kauri ko tuwo mai laushi da miya. Wannan ɗan yanki ya isa, domin hanta tana da ƙarfi, ba a cika wa yaro ita kullum. Sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar. Mai ciki ma ta ci kaɗan kawai. Zuciya, ƙoda da tsoka marar jijiya su ma a dafa su su yi luguf, a daka a turmi mai tsabta.

Akwai abubuwa biyu da ake ɗauka an ba yaro nama alhali ba a ba shi ba. Na farko romo: daɗi da ƙamshi suna cikin ruwan, amma abin gina jiki ya zauna a cikin tsokar. Na biyu ƙashi ko guntun soye mai tauri da ake ba shi ya riƙa tsotsa. Yaron da ba shi da turame ba zai iya taunawa ba, zai jefar a ƙasa ya sake ɗauka, ko kuma guntun ya sarƙe masa a maƙogwaro. Haka gujiya ɗaiɗai da alewa mai tauri, duk suna shaƙe ƙananan yara.

Akan ji ana cewa yaron da ya saba da nama ko ƙwai zai tashi da kwaɗayi, har ya kai ga ɗauke-ɗauke. Tarbiyya ce ke gyara hali. Shekaru biyun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa da ƙashi ke ginuwa da sauri, kuma tsawon da yaro ya rasa a wannan lokaci da wuya ya mayar da shi daga baya.

Yawan ci ba ya canzawa don ana salla. Ɗan wata 6 zuwa 8 ya ci sau 2 zuwa 3 a wuni, a fara da cokali biyu ko uku a riƙa ƙarawa. Daga wata 9 zuwa 23 ya ci sau 3 zuwa 4, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu tsakani, kamar mangwaro nunanne ko dafaffen dankali. Nono yana nan tare da duk wannan har shekara biyu. A ba shi kwanonsa shi kaɗai, domin a cikin tire ɗaya da yayyensa hannunsa ba ya cim musu, kuma babba ya zauna kusa da shi ya lallashe shi. Hanya mafi sauƙi ita ce uwa ta ciyar da shi da safe kafin a tafi idi, sannan ta ambaci mutum ɗaya, babba mai hankali, wanda abincin rana na yaron ke wuyansa. Aikin da aka bar wa kowa, a ranar salla babu mai yin sa.

Wasu iyaye kan zaɓi tafiyar salla su yaye yaro, a kai shi gidan kaka a baro shi. Rana ɗaya ya rasa nono, ya rasa uwa, ya faɗa cikin abincin da bai saba ba. Yaye irin wannan yana daga cikin hanyoyin da ke kai yaro ga tamowa. Idan lokacin yaye ya yi, a bi shi sannu a hankali bayan hidima ta lafa.

Alewa, lemun kwalba da shayi

Kuɗin barka da salla yawanci a teburin mai alewa suke ƙarewa. Zaƙi yana kashe wa yaro sha'awar abinci, ya ƙi tuwo, ya ƙi naman da aka wahala aka daka masa. Yaron da bai kai shekara biyu ba a nisanta shi da lemun kwalba da ruwan leda mai launi, wanda ba a san da wane ruwa aka haɗa shi ba. Manyan yara a ba su bayan sun ci abinci. Shayin da samari ke dafawa a ƙofar gida kuwa yana hana jiki ɗaukar ƙarfen abinci, ba na yara ba ne.

Yadda nama zai daɗe

A garuruwa da yawa na ƙasarmu ana banƙare rago a kan itace a jera kewaye da wuta har dare, a soya kayan ciki a ranar, washegari a yi rabo, sauran a soye a adana. Kafin a zuba yaji da gishiri mai yawa, uwa ta ware tsoka marar kitse domin yaro. A yanka ta siriri kamar za a yi kilishi, a shanya a wuri mai tsawo an rufe da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙuda, ko a busar a gefen garwashi idan hadari ya fara haɗuwa. Idan ta bushe ƙarau har tana karyewa, a ɗan gasa ta, a daka, a tankaɗe, a zuba a gwangwani ko kwalba busasshiya mai murfi. Cokali ɗaya na wannan gari cikin kunu yana tafasa, tare da ɗan ƙuli-ƙuli ko garin wake da garin zogale, ya mai da kunun hatsi cikakken abinci. A riƙa ɗiba da busasshen cokali. Ranar da aka ji wari ya canza ko aka ga fumfuna, a zubar, kada a yi tsumulmula.

Wannan aiki sai da yardar mai gida, tunda wuƙa da rabo a hannunsa suke. Inda akwai makarantar mazaje, irin wadda aka fara a jihar Damagaram, a kai maganar can mako ɗaya kafin salla; inda babu, a bi ta wurin liman ko mai gari. A tuna musu kuma cewa, wajen fitar da sadaka, gidan da ke da mai ciki, mai shayarwa ko yaro ramamme ya cancanci tsoka mai kyau, a kai cikin sutura ba tare da an nuna su da yatsa ba. Kayan salla na yara abin farin ciki ne, amma duk gidan da zai sayar da hatsin rumbu ko akuyar da ake tatsa don ɗinki, a watan Agusta zai ji a jikinsa.

Zawo da ƙuna

Jini da tumbin da aka zubar a tsakar gida suna tara ƙuda, kuma a nan ne mai rarrafe yake wasa. A haƙa rami a binne su nan take. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa ɗanyen nama, bayan wanke wa yaro kashi, da kafin a ba shi abinci. A wanke nasa hannun shi ma. Wuƙa da faifan da suka taɓa ɗanyen nama kada su taɓa dafaffe. A wannan zafi, abincin yaro da ya wuce awa biyu a ajiye sai an sake tafasa shi sosai, ɗumamawa kawai ba ta isa.

Idan zawo ya kama yaro, a narka ƙunshi ɗaya na SRO cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan bayan kowace fita, a haɗa da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14 yadda ma'aikacin lafiya ya nuna. Kada a tsayar da nono, kada a tsayar da abinci. Amma idan ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da komai, idanunsa sun faɗa, akwai jini a kashinsa, ya yi lis ko yana sanƙarewa, a tafi CSI a wannan sa'a, ko da baƙi sun cika gida. Tun 2006 dokar ƙasa ta tanadi kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Mai faɗakarwa ya binciko tun jajibiri wane ma'aikaci ne zai tsaya aiki a ranakun hutu, ya sanar da unguwa.

Wutar gashi da kaskon mai suna daidai tsawon yaro mai tatata. A shimfiɗa wa ƙanana tabarma nesa da su. Idan ƙuna ta auku, a riƙa zuba ruwa mai tsabta mai sanyi wajen minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta a kai likita. Kada a shafa man goge haƙori, ƙwai, toka ko tawada.

Yaron da ke kan magani

Wanda aka rubuta a CRENAS, Plumpy'Nut ɗinsa magani ne da aka ƙidaya daidai nauyinsa. Ba a raba shi ga yaran baƙi a matsayin goron salla, ba a kuma ajiye shi don yau akwai nama. Idan ranar awo ta faɗo cikin hutu, ko iyali za su yi tafiya, uwa ta je tun da wuri ta shaida wa ma'aikaci, a shirya mata abin da zai kai ta ranar dawowa, ta tafi da katin yaro.

Mako ɗaya bayan salla, masu faɗakarwa su zaga gidajen da ke da yara ƴan wata 6 zuwa 59. Iyaye mata da yawa sun iya awon damtse da kansu, dabarar da aka gwada a Mirya kafin ta bazu, saboda haka a bar uwa ta auna ana kallo. Kore lafiya, rawaya, daga milimita 115 zuwa ƙasa da 125, a tura CSI, ja, ƙasa da milimita 115, a tafi a ranar. A danna bayan ƙafafuwan yaro biyu da manyan yatsu na daƙiƙa uku: idan gurbi ya zauna a duka biyun, kumburin tamowa ne, shi ma a tafi a ranar ko da awon ya nuna kore. Kafin a fita daga gidan, a tambayi uwa ko yaron ya yi zawo, a kuma nemi ganin gwangwanin garin naman, a buɗe a sunsuna.