Yadda Ake Jinyar Ciwon Dunduniya Ana Ci Gaba da Harkoki

Ciwon da ke sukar dunduniya da zarar ka sauko daga gado da asuba, kamar ka taka ƙusa, yawanci daga wata jijiya mai kauri yake, wadda ta shimfiɗu a tafin ƙafa tun daga ƙashin dunduniya har gindin yatsu. Wahala ce ta yi mata yawa: doguwar tsayuwa a aji ko a rumfar kasuwa, ƙiba, gudu a kan kwalta. Wanda ya ce zai kwanta sai ta warke, ƙafar ce za ta ƙara sandarewa, ta kuma rasa ƙarfi.

Fara da rage mata kaya. Jingine gudu, tsalle da ƙwallo na wasu makonni, amma ka ci gaba da 'yar gajeriyar tafiya. Idan kana da keke, hau abinka, feda ba ta dukan dunduniya. Silifas ɗin nan da ya suɗe kuwa, a yi sallama da shi. Nemi takalmi mai taushin ciki, kada ka taka siminti ƙafa tsirara ko a tsakar gida.

Kafin ka taka ƙasa da safe, zauna a bakin gado, ɗora ƙafar a kan ɗaya gwiwar, ja yatsun baya da hannu har ka ji jijiyar ta ɗaure. Riƙe daƙiƙa 10, saki, ka maimaita sau 10. Yi haka sau 3 a yini.

Da zafin ya lafa, sai gina ƙarfi, kuma nan ne mutane ke kasala. Naɗe tawul a bakin matakala, ɗora yatsu a kai, dunduniya na lilo a waje. Ɗago a hankali cikin daƙiƙa 3, tsaya 2, sauko cikin 3. Fara da ƙafa biyu, daga baya ɗaya. Yau ka yi, gobe ka huta.

Alƙalinka shi ne takun farko na washegari. Idan bai fi na jiya zafi ba, ƙara kaɗan. Idan ya fi, koma baya. Da yamma murza gorar ruwan sanyi a tafin ƙafar kamar minti 10.

Abin yana ɗaukar watanni, amma mafi yawa suna warkewa cikin shekara guda ba tiyata. Kada ka yi gaggawar allurar dunduniya, yawanta na iya tsinka jijiyar. Mai ciwon suga, ko wanda ƙafarsa ta kumbura ko take dindiris, ya fara da ganin likita.