Filin Nazari: Me Ya Rufe Manyan Kantunan Tsakiyar Birni?

Darasinmu na wannan fitowa ya fi shafar 'yan ajin kasuwanci da tattalin arziki, amma 'yan kimiyya kada ku wuce, domin da yawa daga cikinmu da kuɗin shago ake biya mana kuɗin makaranta, wasu kuma shagon ne ke jiransu bayan jarrabawar ƙarshe.

Da farko mu san irin kantin da muke magana a kai. Ba shagon unguwa ba ne, ba kuma kantin kayan abinci kawai ba. Gini ne guda, sau da yawa mai hawa-hawa, mallakar kamfani ɗaya, an raba shi sashe-sashe: nan tufafin maza, can na mata, gaba kayan ɗaki, sama kayan wasan yara, ƙasa turare da agoguna. Kamar a ɗauki kasuwa sukutum a sa ta ƙarƙashin rufi ɗaya, a ba mutum ɗaya makullin. Masana tarihi sukan fara labarin daga birnin Paris na Faransa, inda Aristide Boucicaut ya shiga kantin Le Bon Marché a 1852 ya mai da shi abin koyi. An rubuta farashi a jikin kaya, babu ciniki, babu "albarka". Kana iya shiga ka sha kallo ka fita ba ka sayi ko allura ba, kuma in kaya bai yi maka ba ka dawo da shi. A wancan zamani wannan sabon abu ne.

Me ya sa aka gina su a tsakiyar birni? Saboda a nan hanyoyi suka haɗu. Kafin mota ta yawaita, jirgin ƙasa da taragon cikin gari duk tsakiyar birni suke sauke mutane. Inda ƙafa ta taru, nan ciniki yake. Ku riƙe wannan, domin kusan duk abin da ya biyo baya a kansa ya rataya.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi daki-daki, wato kantin Hudson's da ke titin Woodward a birnin Detroit na Amurka. Gini ne mai hawa fiye da 20, kuma a girma kantin Macy's na New York ne kawai ya fi shi a ƙasar. Dubban mutane ke aiki a cikinsa. A 1950 Detroit, cibiyar ƙera motoci, tana da mutane kusan miliyan 1.85. To, motar da ta azurta birnin ita ce kuma ta kwashe masa mutane. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu hali suka riƙa sayen mota suna komawa sababbin unguwanni a bayan gari. A 1956 gwamnatin Amurka ta zartar da dokar gina manyan titunan da suka ratsa ƙasar, abin da ya ƙara sauƙaƙa zama nesa da tsakiyar birni. A Detroit akwai kuma batun wariyar launin fata: Turawa da yawa sun bar birnin, musamman bayan tarzomar 1967, suka tafi da kuɗinsu da cinikinsu.

Abin mamaki shi ne kamfanin Hudson's da kansa ya taimaka wajen haƙa ramin. Ganin masu saye sun koma bayan gari, a 1954 ya buɗe wani katafaren rukunin shaguna mai suna Northland a wajen birnin, da filin ajiye motoci iya ganinka, kyauta. Wani magini ɗan asalin Ostiriya, Victor Gruen, shi ya tsara shi, kuma shi ne ya tsara Southdale a jihar Minnesota a 1956, rukunin shaguna na farko irin na zamani da aka rufe gaba ɗaya da rufi. A lissafin kamfani dabara ce mai kyau, kuma ta kawo riba. Sai dai duk matar da ta sayi takalmi a Northland, ba za ta sake shiga gari ta saya a titin Woodward ba. A watan Janairun 1983 aka rufe uwar kantin. Ginin ya zauna kango tsawon shekaru, har ranar 24 ga Oktoba 1998 da aka dasa masa nakiya aka rushe shi cikin daƙiƙu, jama'a na kallo. A ƙidayar 2020 mutanen Detroit ba su kai 640,000 ba.

A nan ne darasin tattalin arzikin yake, don haka a buɗe littafi. Kuɗin da ɗan kasuwa ke kashewa iri biyu ne. Akwai wanda ke hawa da sauka tare da ciniki, kamar kuɗin saro kaya. Akwai kuma na dole, wanda ko an yi ciniki ko ba a yi ba sai an biya: haya, wuta, albashi, gadi, gyaran gini. Babban kanti kuɗinsa na dole dutse ne. Mu ƙaddara wani kanti yana cinikin naira 100 a rana. Naira 60 kuɗin saro ne, naira 35 kuɗin dole, riba naira 5. Yanzu a ce masu saye sun ragu da kashi 20 cikin 100. Ciniki ya koma naira 80, kuɗin saro ya sauka zuwa 48, amma kuɗin dole yana nan a 35 bai motsa ba. A haɗa 48 da 35, an sami 83. Ke nan kantin da ke cin ribar naira 5 ya koma asarar naira 3 kullum, alhali in ka leƙa za ka ga mutane cike, ka rantse kasuwa na ci. Ba sai kowa ya guje wa babban kanti yake mutuwa ba. Mutum ɗaya cikin biyar ya isa.

Kuma ba shi kaɗai yake mutuwa ba. Babban kanti kamar inuwar bishiya ne a bakin kasuwa: mai gyaran agogo, mai abinci, mai sayar da jarida, duk don jama'ar da yake jawowa suka kafa a gefensa. Ranar da ya rufe, ƙafa ta ɗauke, su ma ɗaya bayan ɗaya sai su nannaɗe tabarma. Gine-gine suka zama kango, darajarsu ta faɗi, harajin da hukumar birni ke samu ya ragu, kuɗin shara da fitilun titi da tsaro suka yi ƙaranci, sai ragowar masu zuwa su ma suka fara jin tsoron wurin. Kowace matsala tana haifar da ta gaba.

Mutane da yawa in an tambaye su sai su ce intanet ce ta kashe waɗannan kantuna. A ganina wannan rabin amsa ce, kuma wanda ya rubuta ta ita kaɗai a jarrabawa bai cancanci cikakken maki ba. Lokacin da Hudson's ya rufe a 1983 babu wanda ke sayayya ta intanet. Tun 1962 aka buɗe kantunan Walmart da Kmart da Target na farko, masu gini mara ado a filin da ba shi da tsada, suna karya farashi. Daga baya wasu suka ware sana'a guda suka ƙware a kai, wannan kayan lantarki kawai, wancan kayan wasan yara kawai. Aka riƙa yagar babban kanti sashe-sashe. Mai neman araha ya tafi can, mai neman na ƙwarai ya tafi can, aka bar shi a tsakiya, bai fi kowa sauƙi ba, bai fi kowa kyau ba. Intanet ta zo ta tarar da mara lafiya ne a kwance.

Labarin Sears ya fi kowanne ban takaici. Wannan kamfani ya yi suna tun ƙarshen ƙarni na 19 da wani ƙaton littafin hotunan kaya da yake aika wa manoma a ƙauyuka. Mutum ya zaɓa, ya aika kuɗi ta gidan waya, a kawo masa. Har gida sukutum suna sayarwa, a kawo katako da ƙusoshi a jirgin ƙasa ka haɗa abinka. Wato abin da Amazon ke yi yau, Sears ya yi shi da takarda shekara ɗari kafin nan. Ya buɗe kantinsa na farko a Chicago a 1925, ya zama mafi girman mai sayar da kaya a Amurka, ya gina benen da ya fi kowanne tsawo a duniya a shekarun 1970. A 1993 ya daina buga babban littafin nan. Shekara guda bayan haka, a 1994, aka kafa Amazon. A watan Oktoban 2018 Sears ya je kotu ya bayyana cewa ya kasa biyan basussukansa.

A Birtaniya ma haka. Woolworths ya rufe shaguna kusan 800 tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009. BHS ya durƙushe a 2016, ma'aikata kimanin 11,000 suka rasa aiki. Debenhams, wanda asalinsa ya koma 1778, ya sha fama da bashi da tsadar haya, annobar korona ta ƙarasa shi, ya rufe shagunansa na ƙarshe a watan Mayun 2021. Wani kamfanin sayar da tufafi ta intanet, Boohoo, ya sayi sunan a kan fam miliyan 55, amma bai karɓi shago ko ɗaya ba. Ku duba wannan da kyau: sunan yana da daraja, ginin kuwa ya zama kaya a ka. A Kanada, kamfanin Hudson's Bay da aka kafa tun 1670 (ba shi da alaƙa da na Detroit, suna ne ya zo ɗaya) ya rufe kantunansa a 2025.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne kawai. Mu ma an yi a nan, sai dai sanadin ya bambanta. Kamfanin UAC ya buɗe kantin Kingsway a Legas a 1948, aka kuma yi Leventis da UTC da Chellarams, wasunsu da rassa har Arewa. A Kaduna har gobe ana kwatance da shataletalen Leventis. Waɗannan kantuna sun dogara ne da kayan da ake shigowa da su daga waje da kuma albashin ma'aikata. Da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, kuɗin waje ya yi wuya, gwamnati ta taƙaita shigo da kaya, kantoci suka fara zama fayau. Sai tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, wanda aka fi sani da SAP, ya karya darajar naira. Kayan waje suka yi tsada, albashi ya daina kai wa ƙarshen wata, ma'aikacin da ke shiga Kingsway ya koma kasuwa inda zai taya a rage masa. Ba a daɗe ba kantunan Kingsway suka rufe. Ko a kwanan nan, Shoprite da ya buɗe a rukunin shagunan Ado Bayero a Kano a 2014 ya rufe reshen a farkon 2024.

Amma Kantin Kwari da Sabon Gari da Kurmi suna nan cike. Me ya sa? Ku koma lissafinmu na sama. Ɗan kasuwar da ke da rumfa ɗaya da yaro ɗaya kuɗinsa na dole kaɗan ne. Ba ya kunna janareto don sanyaya bene mai hawa uku. In atamfa ta daina tafiya, mako mai zuwa ya koma shadda. Yana ba da bashi ga wanda ya sani, yana rage farashi ga wanda ya ga zai tafi. Kasuwa dubban ƙananan 'yan kasuwa ce, in ɗaya ya karye wani ya karɓi rumfar washegari. Babban kanti kuwa in ya faɗi, gaba ɗaya yake faɗuwa. Wannan ba ya nufin kasuwanninmu sun tsira daga kowace barazana. Cunkoso, gobara da rashin wurin ajiye mota suna korar masu saye, ga kuma masu tallar kaya ta WhatsApp da Instagram da ke aiko da saƙo har ƙofar gida a babur, ba su biyan hayar ko taku ɗaya.

Su kuma biranen da abin ya shafa suna ta neman yadda za su yi da kangwayen. Wasu an mai da su gidajen haya, wasu ofisoshi, wasu azuzuwan jami'a, bisa tunanin cewa in mutane suka dawo da zama a tsakiyar birni, shaguna za su biyo su. Aikin yana da tsada, domin an gina waɗannan kantuna da faɗi ƙwarai kuma tsakiyarsu babu taga, ga shi ba mai son ɗakin kwanan da rana ba ta shiga. A Detroit, filin da Hudson's ya tsaya ya yi shekaru babu komai a kansa sai wurin ajiye motoci a ƙarƙashin ƙasa, sai a ƙarshen 2017 aka fara sabon gini a wurin, aka kuma sa masa sunan tsohon kantin.

Ga aikin gida ga mai so. 'Yan ajin kasuwanci su sake lissafin nan na naira 100, amma su mai da kuɗin dole naira 10 kamar na mai rumfa, su gano kashi nawa ciniki zai ragu kafin a fara asara. Sauran kuma ku tambayi wani dattijo a gida ko ya taɓa shiga Kingsway ko Leventis, me ya saya, nawa ya biya, kuma me ke cikin ginin a yau. A miƙa amsoshi ga sakataren ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Waɗanda suka fi kyau za mu liƙa su a nan a fitowa ta gaba.