Darasi: Sa Wa Tsohuwar Waƙa Sabuwar Riga

'Yan'uwa malaman gobe, wanda ya tsaya a Taminus, ko ya shiga tashar Bauchi Road a nan Jos, ba zai rasa ganin samari sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna ƙyalƙyala dariya ba. Sau da yawa majigin zane su ke kallo, watau katun, an ɗora masa karin wata sananniyar waƙa, amma an sauya kalmominta. Turawa na kiran irin wannan abu mim, kalmar da Richard Dawkins ya ƙaga a 1976, ma'anarta abin da a ke kwaikwaya ya bazu.

Abubuwa 3 a ke haɗawa. Na fari, guntun majigi, kamar na Tom da Jerry, wanda a ka fara yi a Amurka a 1940. Na biyu, karin waƙar da kowa ya sani. Na uku, sababbin kalmomi. Dariya kuwa daga saɓani ta ke zuwa. Kunne na jiran zancen soyayya, sai ya ji kukan mai bin bashi, ido kuma na ganin kyanwa tana fafarar ɓera.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. 'Yan kama sun daɗe suna juya karatun malamai zuwa zancen tuwo da miya. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya yi suna wajen kwaikwayon waƙoƙin wasu a fim. Abin da ya sauya kaɗai shi ne kayan aiki, gama tun da a ka buɗe YouTube a 2005 aikin ya koma hannun kowa.

To, ina amfaninsa ga malami? Yaro ba zai iya sauya kalmomin waƙa ba sai ya ji karinta. In gaɓa mai nauyi ta hau gurbin marar nauyi, waƙa ta karye, kowa zai ji. Ashe wasan nan hanya ce ta koyar da kari da amsa-amo.

Amma akwai lura 2. Waƙa da majigi suna da masu su, ba daidai ba ne a ci kasuwa da gumin wani. Sa'an nan barkwanci dabam, zambo dabam. Jos gari ne na ƙabilu da addinai, kowa kuwa ya san abin da ya faru a 2001. Magana zarar bunu ce, balle wadda ta shiga waya.

Aiki: Ku ɗauki waƙar gaɗa guda, ku ƙirga gaɓoɓin kowane layi, ku sa mata kalmomi a kan tsabtar aji. Ku rera a ji ko ta karye.