Darasi na 12: Idan Biyan Kuɗin Keke Ya Gagare Ka

Ba sai an koya muku yadda ake karɓar keke a riƙa biya kaɗan-kaɗan ba. Tun da aka hana acaɓa a birnin Kano a 2013, wace unguwa ce babu ɗan adaidaita sahu? Mai keke ya ba ka, ka kawo wanda zai tsaya maka, ka riƙa kai kuɗi duk mako ko duk wata. Ranar da ka cika biya, keke ya zama naka. Kafin wannan rana na mai shi ne, ko da ka rubuta sunan 'yarka a bayansa. Duk kun san wannan.

Kun kuma san yadda mutum yake karyewa. Mai ya yi tsada, inji ya buga, yaro ya kwanta asibiti, sai a wayi gari babu na kaiwa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wannan ba abin kunya ba ne. Abin da ke kashe mutanenmu shi ne ɓuya. Mutum ya kashe waya, ya sauya hanya, ya ɓoye keke. Ku riƙe wannan tun yanzu: kada ka ɓuya wa mai binka bashi.

Ga abin da ya faru a gidan wani maƙwabcinmu. Rana tsaka yana kwance a tabarma, keke kuwa yana can lungun tsakar gida an lulluɓe shi da tamfol. Matarsa tana tankaɗe.

"Maigida, wayarka fa tun ɗazu take ƙara."

"Ƙyale ta."

"Alhaji mai keke ne ko?"

"Na ce ki ƙyale ta. In yaronsa ya yi sallama, ki aika a ce na tafi ƙauye ta'aziyya."

"Wancan makon ma ta'aziyya aka ce. Yau kuma wa ya rasu? Ai mutanen ƙauyenku sun kusa ƙarewa."

"Ke dai ba kya rasa magana."

"To, Maigida, me zan ce? Kaza ta yi ƙwai a kujerar fasinja. Shi ne kaɗai abin da keken nan ya kawo mana a watan nan."

Ana cikin haka sai aka yi sallama. Ba yaron Alhaji ba ne. Kawun maigidan ne, wanda ya tsaya masa, ya shigo ko ruwa bai karɓa ba.

"Sannu da zuwa, Kawu. Ga tabarma."

"Riƙe tabarmarka! Jiya a ƙofar masallaci aka tare ni, a gaban jama'a, ana tambayata ina ɗana ya kai keken mutane. Ni za ka tozarta da furfurata?"

"Wallahi, Kawu, kunya ce ta hana ni zuwa."

"Kunyar Alhaji ka ji, ba ka ji tawa ba? Nawa ka biya zuwa yanzu?"

Shiru. Bai sani ba. Sai matar ta shiga ɗaki, ta kwance kallabi, ta fito da rasit-rasit ɗin da ta adana. Da aka haɗa, sai ga shi ya biya Naira miliyan 3 da dubu 200 cikin miliyan 5. Mutumin da ke ɓuya a ɗaki ashe doka tana bayansa, shi ne bai sani ba.

Akwai doka a Nijeriya tun 1965 a kan irin wannan ciniki, ta kuma shafi duk abin hawa mai inji. Abu uku ne za ku haddace.

Na ɗaya: idan ka biya kashi 3 cikin 5 na kuɗin, mai keke ba shi da ikon ƙwace shi haka kawai, sai ya bi ta kotu. In kuɗin miliyan 5 ne, kashi 3 cikin 5 shi ne miliyan 3. Idan ya ƙwace ba bisa ƙa'ida ba, yarjejeniya ta warware, kana iya neman duk abin da ka biya.

Na biyu, nan ne mai ɓuya yake cutar kansa: idan biya uku ya taru a kanka, doka ta yarje wa mai keke ya ɗauke shi ya ajiye a wurinsa har kotu ta yanke hukunci. In duk mako kake biya, mako uku ke nan kacal. Kana kwance a ɗaki, kwanaki suna tafiya, kariyar da ka tara da guminka tana zubewa. Kada ka ɓuya.

Na uku: idan ka ga ba za ka iya ba, kana da damar mai da keken da kanka. Ka sanar da mai shi a rubuce. Abin da ka biya ba zai dawo ba, wannan gaskiya ce mai ɗaci. Amma abin da za a bi ka yana da iyaka: biyan da ya taru a kanka, da cikon rabin kuɗin idan ba ka kai rabi ba, da diyyar ɓarna in ka yi sakaci da keken. Wanda ya mai da keke lafiya lau ya fi wanda aka zaƙulo nasa taya ta sace, batir ya mutu.

Wasu kuma har sun wuce ɓuya. Mutum ya cire na'urar bin sawu, ya sayar da inji, ko ya kai keken wani gari ya sayar. Sannan ya zo yana cewa ƙaddara ce. Wace ƙaddara? Sayar da abin da ba naka ba cin amana ne, laifi ne da ke kai mutum gidan yari. Daga maganar bashi ka mai da ita maganar 'yan sanda, ka jawo wa wanda ya tsaya maka, ka toshe wa ƙannenka hanya, don gobe babu wanda zai tsaya wa ɗan gidanku.

To, me za ka yi? Tun biya na farko da ka ga zai gagara, ka ɗauki ƙafa ka je. Ka tafi da wanda ya tsaya maka, ko mai unguwa. Ka faɗi gaskiyar halin da kake ciki, ka nemi a rage abin da kake kaiwa ko a ƙara maka lokaci. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci, amma ta yaya za a saurara wa wanda ba a gani? Duk abin da kuka daidaita a rubuta, kowa ya sa hannu. Rasit da kwafin yarjejeniya ku adana, ba sai na tsaya a kan wannan ba. In magana ta kai kotu ba ka da kuɗin lauya, ka nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a na jiharku.

Ina sake faɗa: kunna wayarka, amsa sallama, kada ka ɓuya.

Tambayoyi

1. Keke na wane ne kafin a cika biya?
2. Idan kuɗin keke miliyan 4 ne, nawa ne kashi 3 cikin 5?
3. Biya nawa ne zai taru kafin mai keke ya sami damar ɗauke shi?
4. Su wa ɓuyan mai bashi yake cutarwa ban da shi kansa?

Aikin rubutu: Rubuta wasiƙa mai layi biyar zuwa ga mai keke, ka nemi ƙarin lokaci. Ka sa kwanan wata da sunanka.