Inji Ya Datse Min Yatsu, Ina Da Diyya?

Tambaya: Inji ya datse min yatsu uku a masana'antar da nake aiki. Ina da hakki?

Amsa: Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Kana da shi. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa, ba daga aljihunka ba, a asusun NSITF, hukumar da ke biyan diyyar. Sanar da kamfani cikin kwana 14, shi zai kai rahoto ga NSITF. Adana takardun asibiti, da su ake auna girman nakasa. Shigar da buƙatarka a NSITF kafin shekara ta zagayo daga ranar da ka ji raunin. In hukuncin bai gamsar da kai ba, nemi a sake dubawa, sannan ka je Kotun Ma'aikata. Kada ka karɓi kuɗin "sannu" ka sa hannu ka yafe hakkinka.