Abin da ke Motsa Naman Rago Bayan Yanka

Sa'ad da na ke gwajin koyarwa a wata makaranta a GRA, nan Bauchi, wani yaro ya ce mini, "Malam, me ya sa naman ragon layya ya ke motsi bayan an feɗe?" Na yi tsuru, da alli a hannuna. Ashe amsar tana cikin allin nan, watau kalsiyam.

Mu dai an koya mana kalsiyam na ƙashi ne da haƙori. Haka ne, kashi 99 cikin 100 can ya ke. Ɗan ragowar kuwa manzo ne. Cikin 1883 wani likita a Landan, Sydney Ringer, ya ga zuciyar kwaɗo tana ta bugawa cikin ruwan gishirin da aka haɗa da ruwan famfo, amma cikin na tataccen ruwa sai ta tsaya. Kalsiyam na ruwan famfon ne ke riƙe da ita.

To, ga yadda abin ya ke. Ƙwayar halitta ta kan kori kalsiyam waje, ko ta kulle shi a rumbunta, har na waje ya ninka na ciki wajen sau 10,000. Ku kwatanta kasuwar Wunti da rana, da GRA da tsakad dare. A kasuwa ko ka yi kururuwa wa zai kula? A GRA kuwa tari ɗaya ya isa. Don haka in jijiya ta kawo saƙo, ƙofofi suka buɗe, kalsiyam kaɗan ya shigo, nan da nan an ji shi.

Amma sai ya sami furotin mai cafke shi. Akwai kalmodulin, wanda aka gano cikin 1970. Hannuwa huɗu gare shi. In ya cafke kalsiyam sai siffarsa ta sāke, ya je ya rungumi waɗansu furotin ya ta da su aiki. A tsoka kuwa ɗan'uwansa ne, turoponin, wanda Setsuro Ebashi na Japan ya gano. Shi ke janye shinge, zaruruwan tsoka su ja juna.

Bayan yanka jijiyoyi ba su mutuwa nan take, tsoka kuma tana da sauran ƙarfi, shi ya sa ta ke zillo. In ƙarfin ya ƙare, babu mai mai da kalsiyam rumbu, zaruruwan su maƙale, naman ya sandare. Ran Litinin na kai wa yaron amsarsa.